Nomau Mai Rakiyar Ruwa

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar leda ta toshe kowace kwata, ba ku san duba-gari ba, kuma ba laifinku ba ne. A zamanin da aka yi wannan labari, in aka ce ga duba-gari nan ya shigo unguwa, har kaji sai sun nutsu. Ma'aikacin hukuma ne, da gajeren wandon kaki da hular hana-sallah, ga keke, ga dogon ludayi a hannu. Shi ke bin gida-gida, ya yi sallama mata su kimtsa, ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba makewayi, ya duba kwata, ya ƙwanƙwasa bango. In ya ga gida ya lalace har yana iya faɗo wa mutane, sai ya zana masa jan fenti a jikin zaure. Wannan jan fenti kuwa ba ado ba ne. Ma'anarsa, in ba a gyara gidan har ya gamsu ba, leburori za su zo su rushe shi. Ana tsoron mutumin, ana zaginsa a ciki, amma wallahi a lokacin kana iya shimfiɗa tabarma a bakin hanya ka ci tuwonka ƙuda bai dame ka ba.

To, a Unguwar Gangare akwai wata tsohuwa, Gwaggo Dudu. Mijinta, Malam Sallau maɗinki, shi ya gina gidan da hannunsa tun layin yana tsamiya da kuka. Ya rasu, 'ya'yan da suka haifa babu wanda ya rayu, ƙafa kuma ta soma gagarar ta. Gida ya rasa mai yaɓe, ciyawa ta fito a kan soro, kwata ta cika. Ranar da Malam Ilu duba-gari ya zana mata jan fenti, tsohuwar nan ba ta ci abinci ba. Ta aika ƙauyensu, Kukar Bauna, wurin ƙaninta, ta ce ya taimake ta da namiji. Ƙanin nata ya dubi 'ya'yansa, ya ga damina ta gabato, ya riƙe masu wayon, ya turo mata Nomau da matarsa Hansai.

Nomau ƙato ne, ga ƙarfi, ga farar zuciya, bai taɓa yi wa kowa musu ba. Matsalarsa ɗaya ce tak. Abin da aka faɗa masa, shi ke nan, ba ragi ba ƙari, ko da sama za ta haɗu da ƙasa. Hansai kuwa 'yar guntuwa ce mai kaifin baki, ita ke riƙe da wayon gidan duka, nata da nasa. Da suka iso, Gwaggo ta kama hannunsa ta ce, "Ɗan nan, gidan nan shi ya rage mini a duniya. Duk abin da duba-gari ya ce, ka yi." Kun ji inda tsohuwa ta ɗaure kanta da igiyarta.

Wata rana Malam Ilu ya zo, ya jingine kekensa, ya dubi Nomau sama da ƙasa.

"Kai ne namijin gidan yanzu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ga alamar nan? Ni na sa ta, ni kaɗai zan cire ta. In na dawo na tarar ta goge, kai zan kama."

Nomau ya ɗaga kai ya ga gajimare ya soma taruwa, ya ce a ransa, in ruwa ya wanke ta fa? Kafin azahar ya kafa mata 'yar rumfa. Ya zauna yana korar yara da awakin da ke goga jiki a bango. Bayan 'yan kwanaki ya lura rana tana cin ta, sai ya tafi marina ya roƙo jan galura, ya ƙara mata kauri, ya miƙe ta tsaf, ya faɗaɗa ta har ana hango ta daga bakin kasuwa. Sauran masu irin wannan alama, tabarma suke shanyawa a kai don kunya. Ta Gwaggo kuwa, makaho ma sai ya tambaya. Ranar kasuwa Malam Ilu ya biyo ta layin, ya tarar da matan ƙauye sun jeru a ƙofar gida da goyo, wata tana tambayar Nomau, "Malam, nan ne ake yin allura?" Malam Ilu ya riƙe baki, sannan ya hau kekensa ya yi gaba.

Wata rana kuma ya dawo da ludayinsa, ya tsoma a randa, ya ɗago da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Ya ce, "Ka gani? Wannan ita ce zazzaɓi. Daga yau duk ruwan da ke gidan nan a rufe shi. Kada in ƙara ganin ruwa a buɗe." Nomau ya ce to. Ya rufe randa, ya rufe tulu, ya rufe buta, ya kifa kwando a kan kaskon agwagi, agwagi suka tsaya suna kallonsa. In Gwaggo ta ɗauki moɗa za ta sha, yana tsaye a kanta da faifai, tana kurɓa tana saukewa yana rufewa.

"Haba ɗan nan, bar ni in sha ruwa mana!"

"Sha, Gwaggo, amma yi maza. A buɗe yake."

Da aka yi yayyafi, sai ga shi yana zagaya tsakar gida da faya-fayan maƙwabta, duk inda ruwa ya kwanta ya kifa ɗaya. Amma abin da ya hana shi sukuni shi ne Hansai, don kullum sai ta buɗe randa ta ɗiba. Ya rasa yadda zai yi da ita. Ranar da ta tafi barka a maƙwabta, ya kwaɓa ƙasa da ramno, ya yaɓe bakin randa, ya yaɓe tulu, ya jera azara a bakin rijiya ya yaɓe ta lumui. Aikin kuwa ya yi kyau, don Nomau gwanin yaɓe ne. Hansai ta dawo ta ɗauki guga, ta nemi rijiya ta rasa.

"Malam, ina rijiyarmu?"

"Tana nan, a rufe take."

"Innalillahi! To da me zan ɗora tuwo?"

"Wannan kuma bai faɗa ba."

Suna cikin haka sai ga Malam Ilu. Ya miƙa ludayi zai duba randa, ludayi ya ce ƙwas a kan busasshiyar ƙasa. Ya ce a buɗe. Nomau ya tare randa da jikinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, gwada ni kake yi. Ai kai ka hana." Sai da aka kira mai unguwa kafin aka sha ruwa a gidan nan. Garin neman gira an rasa ido, in ji Hansai, ta kuma faɗa da ƙarfi don na waje su ji.

Wata rana mai shela ya zaga yana cewa kowane mai gida ya share daga ƙofarsa zuwa tsakiyar hanya, daga nan na maƙwabcinsa ne. Kowa ya gane abin da ake nufi, ka share gabanka ka kwashe ka kai juji. Nomau ya ɗauko igiyar guga ya auna hanya, ya naɗe ta biyu, ya ja layi a tsakiya da tsinke. Ya share ɓangarensa tas, har sai da ƙasa ta yi sheƙi, ya tara sharar a kan layin nan. Ba a ce masa juji ba, an ce tsakiyar hanya. Kullum da safe ya ƙara, kullum ya daddanna ta da fartanya, har ta tashi ta zama kunya, miƙaƙƙiya, irin wadda ake yabon manomi da ita. Jakin mai itace ya zo ya yi kashi daidai kan layin, Nomau ya tsuguna ya raba shi biyu da kara, ya kwashe rabinsa, ya ƙwala wa maƙwabci kira ya zo ya ɗauki nasa. Maƙwabcin ya ce, "Kai, wannan ƙauye da ya haife ka, Allah ya isa!" Nomau ya ce amin, don ya ji an ambaci Allah. Da hantsi Malam Ilu ya gangaro a kan keke, ga gangara, ga birki ba shi da kyau. Taya ta daki kunyar nan, keke ya yi gabas, hula ta yi yamma, ludayi ya faɗa kwata. Nomau ya sheƙo da gudu zai taimaka, sai ya ja ya tsaya cak a kan layi, don Malam Ilu a ɓangaren maƙwabci ya faɗi.

Ai kuwa ran Malam Ilu ya ɓaci. Ya tashi yana kaɗe kaki, ya shiga gidan yana neman laifi, ya ɗaga kai ya ga ciyawar da ta fito a kan soro. Ya ce, "Wannan ita ke kawo maciji, ita ke tsaga rufi. Jibi zan dawo. Kada in ga ciyawa ko ƙwara ɗaya a gidan nan." Washegari tun da sassafe Nomau ya hau soro ya tuge ta kaf. Da ya tsaya a nan, da an sa masa albarka. Amma daga saman soro ya leƙo, ya ga jinkar madafa, ya ce af, wannan ma ai ciyawa ce. Ya sauko ya yaye ta. Ya ga harawar awaki, ya kwashe. Ya ga tsintsiya, ya juya ta a hannu, ya haɗa da ita. Daga nan idonsa ya kai kan zanan da ya kewaye makewayi. Ya sa ƙarfi ya ɗaga shi ɗungurungum, bai san Hansai tana ciki tana wanka ba. Ihun da ta yi, har masu saƙa a ƙarshen layi sai da suka tsayar da aiki. Ya mayar da zanan da sauri, amma ya tsaya daga waje yana cewa, "Yi maza ki gama, gobe zai dawo." A ranar da ƙwarya aka bi shi, har zaure.

Da la'asar Gwaggo ta kira shi ɗakinta. Yana son ɗakin nan. Akwai ƙamshin turaren wuta da tsohon itace, ga keken ɗinkin Malam Sallau a lulluɓe a kusurwa. Ta nuna masa wani wuri a bango inda shatin yatsu ya fito a cikin yaɓe, ta ce hannun mijinta ne. Ta ba shi labarin lokacin da ake jin ƙarar keken ɗinki daga zaure har ta gama tuƙa tuwo, da yadda matan layi ke taruwa a tsakar gidan suna kaɗi suna waƙa. Ta ce, "Duk sun tafi, sai ni da bangon nan. In aka rushe shi, ban san inda zan sa kaina ba. Ni dai roƙona ga Allah, kada a fitar da ni daga gidan nan sai a makara." Nomau ya ji tausayi ya kama shi. Ya share ido da bakin riga, ya ce, "In Allah ya yarda, Gwaggo, haka za a yi."

Wata rana aka yi shela cewa masu feshin maganin sauro za su zo, kowa ya fito waje, babba da yaro, har sai warin ya lafa. Nomau ya zauna ya yi tagumi. Hukuma ta ce a fito, Gwaggo ta ce sai a makara. Ya yi ta juya abin har Allah ya buɗa masa. Ya tashi ya nufi masallaci, ya ɗauko makara a ka, ya biyo layi da ita. Wanda ya gani ya tambaya, "Nomau, wa za a ɗauka?" Ya ce, "Gwaggo." Nan take salati ya tashi. Mata suka yafa mayafi suka yo gidan suna kuka, maza suka soma shimfiɗa tabarmi, liman ya aika a kira masu haƙa. Masu kukan farko suka faɗa ɗaki, suka tarar da Gwaggo Dudu a zaune tana goga goro a magogi. Wata ta zube a bakin ƙofa. Gwaggo ta leƙo ta ga makara a tsakar gida, ta dubi Nomau, ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, rabonta da irin wannan dariya tun mijinta yana da rai. Ta ce, "Ja'iri, ka gaji da ni ke nan?" Ya ce, "Wallahi a'a, Gwaggo, feshi za a yi." A bayansa ya goya ta ya fitar da ita. Malam Ilu kuwa da ya ga taron da aka tara a banza ranar aikinsa, ya kaɗa kai ya ce, "Haƙurina ya kusa ƙarewa da gidan nan."

Damina ta yi nisa. Nomau ya yaɓe bangon da ya tsage, ya sauya azarar da gara ta ci, ya gyara indararo. Amma duk wannan ba ya shiga idon Malam Ilu, don da ya tuna gidan, sai ya tuna faɗuwarsa a keke.

Wata rana ya tara masu gidajen layin a ƙofar mai unguwa. Ya ce, "Ruwa mai yawa yana tafe. Kowa ya yashe hanyar da ruwan gidansa ke bi. Kada in ga ruwan gidan wani ya tsaya." Ya nuna Nomau da ludayi ya ce, "Kai kuma, wannan ce damarka ta ƙarshe." Mutane suka watse. Kowa ya yashe ɗan abin da ke gaban ƙofarsa, ya tura dagwalon gaba ga maƙwabci, ya wanke hannu ya shiga gida. Haka ake yi tun kaka da kakanni.

Nomau bai san haka ake yi ba. Ya cika bokiti a rijiya, ya kwarara a bakin rariyar gidansu, ya fita da gudu ya tarye shi a waje. Ruwa ya gangara kaɗan ya tsaya a ƙofar maƙwabci. Ya sa shebur ya buɗe masa, ya koma ya ɗebo wani bokitin. Ruwa ya wuce gida biyu ya tsaya. Ya buɗe masa. Haka ya yi ta yi, kwana da kwanaki, daga gida zuwa gida, cikin baƙin dagwalo har gwiwa, yana fitar da tsumma da fasassun tukwane da mushen kaji. Masu zaman dakali suka samu abin kallo.

"Nomau, ina zuwa?"

"Ruwanmu nake rakawa."

"Har ina?"

"Har inda zai daina tsayawa."

Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Hansai takan kai masa fura can inda ya kai, tana faɗa tana miƙa masa. Ta ce, "Malam, kowa ya yi nasa ya huta, kai ka zama bawan unguwa." Ya ce, "Nasu ya tsaya a ƙofar wani, ba ruwana. Namu aka ce kada ya tsaya."

A ƙarshen gangaren akwai rumbun gishirin Alhaji Tsoho, attajiri ne mai ji da kansa. Shekaru da suka wuce ya gina wani dakalin siminti a gaban rumbun, inda yake zama da abokan ciniki. Ruwan Nomau ya zo gindin dakalin nan ya tsaya cak, ya soma taruwa. Nomau ya duba dama, bango. Ya duba hagu, bango. Ya tsuguna ya ga ruwan yana ɗan tsotsewa ta ƙarƙashin simintin, alamar can yake son bi. Alhaji yana kasuwa. Nomau ya tafi ya aro diga. Kafin la'asar babu dakali, sai tarin ɓaraguzai. A ƙarƙashinsa kuwa ga bakin wani tsohon kwalbati, cike da ƙasa, wanda har dattawan unguwa sun manta da shi. Ya shiga ciki da rarrafe ya yi ta tona har ya ga haske ta ɗaya gefen. Ya koma gida ya ɗebo bokiti guda, ya kwarara, ya bi shi da gudu tun daga rariyarsu har ya ga ya faɗa rafin bayan gari. Ya tsaya yana haki, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sauka lafiya."

Yana juyowa ya tarar da Alhaji Tsoho tsaye a kan ɓaraguzai yana kumfar baki, ga Malam Ilu an kira shi. Alhaji ya ce, "Ka ga mahaukacin da kuka bari a unguwa? Yau dakalina, gobe gidana!" Malam Ilu bai ɗaga murya ba, wannan ya fi tsoratar da Nomau. Ya ce, "Na ba ka dama, ka je ka rushe ginin mutane. Gobe da hantsi leburori za su zo. Ku nema wa tsohuwa inda za ta zauna."

Nomau ya dawo gida da dagwalo har wuya, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Gwaggo, ƙato guda yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Gwaggo, na yi duk abin da ya ce, ban rage komai ba. Ban san inda na ɓata ba." Gwaggo ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juya fuska ga bango. Hansai ta shiga ɗaure kwanuka a zane. Baƙin ciki ya cika gidan.

Washegari gari ya waye da hadari baƙi ƙirin daga gabas. Kafin leburori su taru aka tsuge da ruwa. Kai, jama'a! Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Indararo ya kasa, ruwa yana zubowa ta kan katanga, sama kamar an fasa tulu. Ruwan tudu duka ya yo Gangare, don nan ne hanyarsa. A sauran layukan unguwar ya zo ya tarar da kwata a toshe, ya tsaya, ya kumbura, ya shiga ɗakuna har ƙugu. Ginin ƙasa kuwa in ya jiƙa daga gindi, sai dai a yi ta kansa. Kana jin rugum, ka ji salati, wani bango ya tafi. Allah ya kiyaye rai, amma an yi asarar gidaje.

A layin su Gwaggo, ruwa ya zo ya tarar da hanya a buɗe tun daga sama har rafi. Ya bi ta yana ruri, bai tsaya gaida kowa ba. Nomau yana tsaye a zaure yana kallonsa, duk da abin da ke ransa sai da ya ji daɗi, don ko sau ɗaya bai ga ya tsaya ba. Da azahar ruwa ya ɗauke. Babu gida ɗaya da ya faɗi a layin nan. Mutanen da nasu ya rushe suka yi ta shigowa da yara da tabarmi a ka, zauren Gwaggo da tsakar gidanta suka cika, Hansai ta kwance kwanukan da ta ɗaure ta ɗora babbar tukunya.

Da la'asar sai ga Malam Ilu, ba keke, wando jiƙe, leburori na biye da shi da diga. Nomau ya hango su daga zaure. Amma kafin su iso ƙofa, mutanen layi sun tsaya a gaban zauren, waɗannan dai masu dariya a dakali. A gabansu duka ga Alhaji Tsoho, riga a naɗe. Da dakalinsa yana nan, da ruwan ya taru a ƙofar rumbunsa, kuma kowa ya san abin da ruwa ke yi wa gishiri. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, na janye ƙarata. In akwai wanda za a hukunta a kan kwalbatin nan, ni ne da na toshe shi."

Malam Ilu ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Leburorin nan layin baya za su, tono kayan mutane." Ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa bango, ya hau soro ya sauko. Mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba ne. Ya ce, "Gidan da ya tsaya wa ruwan yau ba kango ba ne." Ya karɓi shebur daga hannun lebura, ya kankare jan fentin da kansa.

Nomau ya matso a tsorace, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, yanzu me zan yi?"

Malam Ilu ya buɗe baki zai yi magana, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka, "Don Allah, Malam, kada ka ce masa komai!" Ya rufe bakinsa, ya yi dariya, karo na farko da aka ga haƙoransa a unguwar nan.

Daga cikin gida aka ji muryar Gwaggo tana kiran Nomau. Ya ratsa ta cikin mutane ya shiga ɗakinta. Ƙasa a bushe take, bango lafiya lau. Ta laluba ta kama hannunsa, wanda duk ya tsattsage da aikin shebur, ta riƙe shi da hannu biyu tana hawaye. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Zauna nan kusa da ni, kada ka tafi ko'ina."

Ya ce to, ya zauna.

Da kaka ta yi, uban Nomau ya aiko daga Kukar Bauna cewa ya dawo gida, aiki ya ƙare. Nomau ya ce a gaya wa Baba ya yi haƙuri, an ce masa kada ya tafi ko'ina. Shekara ta zagayo aka sake aikowa, amsar ita ce dai. Hansai ta haihu a gidan, ta sake haihuwa, tsakar gida ta koma cika da hayaniya. Kullum in ya gama shara da yasar kwata, sai ya wanke hannu ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gadonta. Damina da yawa suka wuce a haka. Ranar da Allah ya karɓi ran Gwaggo Dudu, da hantsi ne, a ɗakinta, a kan gadonta, kuma Nomau yana zaune a inda ta ce ya zauna.